Zunubi da laifi: yadda dokar zubar da ciki ta bi ta Indiya da Sudan kafin ta iso Kafanchan

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake da lakca yanzu ya ajiye shi sai ya dawo.

Duk lokacin da maganar zubar da ciki ta tashi a zaurukanmu na WhatsApp, ko a ɗakin kwana bayan an ɗauke wuta, kowa da "doka" yake jingina, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa buɗe ta. Ɗan zumunta zai ce dokar ƙasa ta bi Littafi Mai Tsarki, ta kira abin kisan kai. Ɗan uwa Musulmi zai ce ai mu nan Arewa daga shari'a aka ɗauko ta. Masu ra'ayin zamani kuma su ce fastoci da malamai ne suka zauna suka rubuta ta don su danne mata. Tarihin bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Bari in faɗi inda nake tsaye tun yanzu, kada wani ya sha wahalar lalube. Ni Kirista ne, ɗan Fadan Kagoma, kuma na gaskata abin da yake cikin mahaifa rai ne da Allah ya san da shi. Ba kamfen nake yi wa kowa ba. Abin da nake so mu gani shi ne, zunubi a gaban Allah da laifi a gaban alƙali tambayoyi biyu ne, kowacce da tarihinta, kuma cakuɗa su da muke yi yana da farashi da 'yan matanmu suke biya.

Mu fara da abin da dokar ta ƙunsa. Dokar Final Kod ta Arewa, sashe na 232, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya zubar wa mace ciki da gangan. Ƙofa ɗaya tak ta bari: idan an yi ne da kyakkyawar niyya don ceton ran matar. Babu maganar fyaɗe, babu maganar cikin da uba ko ɗan uwa ya yi, babu maganar tayin da likita ya tabbatar ba zai rayu ba. Sashe na 233 ya shafi inda matar ta mutu a wajen zubarwar, kuma idan ba da yardarta aka yi ba hukuncin na iya kai ɗaurin rai da rai. To lura da wani abu. Kisan kai na ganganci yana sashe na 221, hukuncinsa kisa ne. Zubar da ciki kuwa an ware masa nasa sassan da nasa hukuncin. Wato dokar da muke cewa ta kira shi kisan kai, ita da kanta ba ta ajiye shi a wannan layin ba. A Kudu ma haka ne. Kiriminal Kod ta ba wanda ya zubar shekara 14, matar shekara 7, wanda ya kawo magani ko kayan aiki shekara 3, sannan a sashe na 307 ta bayyana cewa jariri yana shiga lissafin mutumin da za a iya cewa an kashe ne bayan ya fito duka daga jikin uwarsa da rai.

Daga ina wannan ta zo? Turawa sun kawo Kiriminal Kod Arewa a 1904, wadda aka kwaikwayo daga dokar Queensland ta Ostareliya ta 1899, sai a 1916 aka shimfiɗa ta a kan Najeriya duka. Amma a Arewa kotunan Turawa ne suka fi aiki da ita. Talaka kam gaban alƙali ake kai shi, ko kotun gargajiya. Da aka doshi 'yancin kai, wannan ya zama abin tsoro ga kakanninmu da sauran ƙananan ƙabilu: idan Bature ya tafi, da wace doka za a yi mana shari'a, kuma yaya nauyin shaidarmu zai kasance a gaban alƙali? Irin koken da aka kai wa Hukumar Willink ke nan, wadda aka kafa a 1957 ta ba da rahotonta a 1958.

Gwamnatin Sardauna ta aika wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi suke tafiyar da shari'ar laifuka, sannan a 1958 ta zaunar da kwamitin masana shari'a. Shugabansa Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa J.N.D. Anderson daga Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa babban alƙalin Bida. Wani abin sha'awa, shi Anderson masanin shari'ar Musulunci ne amma tsohon ɗan mishan ne a Masar. Kwamitin ya ba da shawarar a yi doka ɗaya da za ta hau kan kowa, a ɗauko samfurinta daga Sudan. Wani jami'in mulki, S.S. Richardson, shi ya riƙe alƙalamin. Majalisa ta zartar a 1959, dokar ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, ana gobe tutar Ingila za ta sauka.

Ita kuma dokar Sudan, ta 1899 da aka gyara a 1925, 'yar dokar Indiya ce. Dokar Indiya kuwa Thomas Macaulay da kwamitinsa suka tsara daftarinta a Kalkata a 1837, aka zartar da ita a 1860. Idan ka ajiye sashe na 312 na tsohuwar dokar Indiya ta 1860 kusa da namu na 232, kamar uwa da 'yarta ne, har ƙofar nan ta ceton ran mace da kyakkyawar niyya. Inda addini ya shiga Final Kod a fili yake, ba a ɓoye ba: akwai sassan zina, akwai sashen da ya hana Musulmi shan giya. Waɗannan aka saka don sarakuna da malamai su amince. Sashen zubar da ciki kuwa a cikin kayan da aka ɗauko daga Indiya ya taho.

Bambanci ɗaya ne ya kamata mu riƙe. Dokar Indiya ta raba hukuncin gida biyu: shekara 3 idan cikin bai fara motsi ba, shekara 7 idan ya fara. Tamu ta share wannan rabon ta ɗora 14 a kan duka, daidai da abin da Kiriminal Kod ta riga ta saka. Me ya kawo maganar motsin ciki a dokar Turawa tun farko? A tsohuwar shari'ar Ingila, zubar da cikin da bai motsa ba ba babban laifi ba ne a kotu. Dokar majalisa ta farko a kan batun ita ce ta 1803, kuma ko ita ta riƙe rabon: kisa bayan motsi, hukunci mai sauƙi kafin motsi. A 1837 aka cire rabon tare da hukuncin kisan, a 1861 aka yi dokar da ta zama uwa ga yawancin ƙasashen da Ingila ta mallaka. Su kuma alƙalan Ingila ba su ƙirƙiri maganar motsi daga kansu ba. Daga ikilisiya suka gaje ta. A nan ne nake so mu ɗan zauna, musamman mu Kirista.

Littafi Mai Tsarki ba shi da ayar da ta ambaci zubar da ciki na ganganci kai tsaye. Ayoyin da muke kawowa, Zabura 139 da Irmiya sura 1 da labarin Alisabatu a Luka sura 1, suna nuna Allah ya san mutum tun yana ciki, kuma a kansu bangaskiyarmu take tsaye. Wurin da ya fi kusa da shari'a shi ne Fitowa 21, daga aya 22, inda maza suke faɗa suka bugi mace mai ciki har cikin ya fita. A nassin Ibrananci, idan babu wata ɓarna bayan haka, tara ce. Idan akwai, a yi ramuwa daidai da ɓarnar. Masana har yau suna ja a kan ko ɓarnar ta uwar ce ko ta ɗan. Amma da Yahudawan Iskandariya suka juya littafin zuwa Helenanci, wajen shekara 250 kafin haihuwar Almasihu, sai fassararsu ta fito da wani rabo dabam: idan tayin bai siffatu ba, tara, idan ya siffatu, ana biyan rai. Wannan fassarar ce Kiristocin farko suka fi karantawa, kuma ta bar sawu mai zurfi.

A kan cewa zubar da ciki zunubi ne, ikilisiyar farko ba ta yi wata-wata ba. Littafin koyarwa da ake kira Didake, na ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya hana shi tare da jefar da jarirai, abin da Romawa suka ɗauka ba komai ba. Tartuliyan, mutumin Kartaj a Tunisiya ta yau, ya yi rubutu mai zafi a kai. Duk wanda ya ce maka Paparoma ne ya ƙirƙiro hanin jiya-jiya, bai karanta ba. Abin da ya yi ta canzawa shi ne amsar tambayoyi biyu: shin kisan kai ne tun daga ranar farko, kuma me za a yi da matar?

Ɗauki ta biyun. Taron bishop-bishop na Elbira a Sifen, a farkon shekarun 300, ya ce matar da ta yi ciki ta hanyar zina ta kuma hallaka shi, ba za a ba ta jibin Ubangiji ba ko a bakin mutuwa. Ba a daɗe ba, a 314, taron Ankira, wato Ankara ta Turkiyya a yau, ya duba irin wannan hukuncin ya ga ya yi tsauri, ya mayar da shi shekara 10 na tuba, bayan haka a karɓe ta. Basil na Kaisariya, a wasiƙarsa ta 374, ya ƙi yarda da rabon siffatacce da wanda bai siffatu ba, ya ce duka kisa ne. Amma shi ma shekara 10 ya tsayar, har ya ƙara da cewa a duba yadda tubar take, kada a tsaya ƙirgen shekaru kawai. Ya kuma lura da abin da har yau muke gani, cewa sau da yawa matar ma mutuwa take yi a wajen. Ka ga mutumin da ya fi kowa tsanani a kan sunan zunubin, da aka zo kan matar hanyar dawowa ya buɗe mata.

A tambaya ta farko kuwa, Agustin na Hippo, ɗan Aljeriya ta yau, ya bi fassarar Helenanci. A wurinsa zubar da ciki mugun zunubi ne a kowane mataki, amma bai kira na tayin da bai siffatu ba kisan kai. Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya bi ilimin Aristotal, cewa ran ɗan Adam yana shiga ne bayan jiki ya siffatu, wajen kwana 40 ga namiji, fiye da haka ga mace. Dokar ikilisiya ta tafi a kan wannan rabon ɗaruruwan shekaru. A 1588 Paparoma Sixtus na 5 ya soke shi, ya ɗora hukuncin kisan kai da fitarwa daga ikilisiya a kan kowane mataki. Shekara 3 kacal, a 1591, Gregory na 14 ya mayar da abin yadda yake a da. Sai a 1869 Paparoma Pius na 9 ya cire rabon, kuma bai sake dawowa ba. Kimiyya ma ta taimaka: a 1827 ne Karl Ernst von Baer ya gano ƙwan mace a dabbobi masu shayarwa, ilimin Aristotal ya fara rushewa, aka ga girman tayi abu ne mai ci gaba ba tsalle ba.

'Yan uwana Musulmi za su ga wannan muhawarar ba baƙuwa ba ce. Hadisin Ibn Mas'ud a kan matakan halitta da busa rai, wanda malamai da yawa suka fahimta a kan kwana 120, shi ya sa mazhabobi suka bambanta a kan farkon ciki, Malikiyya da muke bi a nan tana cikin masu tsanani. Wannan fagenku ne, na bar muku shi, ku kuka fi ni sani.

Yanzu mu dawo gida mu duba kwanan wata. 'Yan mishan na SIM sun zauna a Kwoi, nan maƙwabtanmu, a 1910, daga baya Kagoro. Jirgin ƙasa ya mayar da Kafanchan mahaɗa a 1927. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Duk waɗannan bayan 1861 ne, bayan 1869 ne. Wato bishara ta iso ƙasar Gwong a lokacin da coci da gwamnati a Turai suka riga suka rufe tsohuwar muhawarar, suna magana da murya ɗaya. Kakanninmu sun karɓi ƙarshen zancen, ba su ji farkonsa ba. Fada ya ce haram, fasto ya ce haram, Joji ya ce ɗauri. Ba abin mamaki ba ne da muka taso muna ɗauka abu ɗaya ne. Ga shi kuma Hausar da muke yi ba ta taimaka ba, domin "laifi" muke cewa ko a coci ko a ofishin 'yan sanda.

Muryar nan ɗaya ba ta daɗe ba a can. A 1938 wani likitan mata a Landan, Aleck Bourne, ya zubar wa yarinya 'yar shekara 14 cikin da sojoji suka yi mata ta hanyar fyaɗe, sannan ya sanar da hukuma da kansa don a gwada dokar. Mai Shari'a Macnaghten ya bayyana wa masu yanke hukunci cewa ceton rai ya haɗa da hana mace lalacewa a jiki ko a hankali, aka sallami likitan. A shekarar nan dai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta jingina da wannan hukuncin a shari'ar Edgal, shi ya sa lauyoyi suke cewa ƙofar Kudu ta ɗan fi tamu faɗi. Shi Bourne ɗin, da aka zo sassauta dokar Ingila a 1967, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar adawa da sassautawar. Yana ganin yarinyar da aka yi wa fyaɗe daban, buɗe ƙofa ga kowa daban. Irin mutumin nan da ya shigo zaurenmu na WhatsApp, ɓangarorin biyu duka za su kore shi.

Ingila ta canza a 1967. Indiya, mai asalin sashen, ta yi sabuwar doka a 1971. Ghana ta faɗaɗa tata a 1985. Sudan ɗin da muka kwafa, a dokarta ta 1991, ƙarƙashin gwamnatin Al-Bashir mai iƙirarin shari'a, ta yarda a zubar da cikin fyaɗe idan bai wuce kwana 90 ba. Jamhuriyar Benin ta sassauta a 2021. Ban kawo waɗannan don in ce duk abin da suka yi daidai ne ba. Amurka ta buɗe a 1973 ta kuma mayar wa jihohi ikon rufewa a 2022, kowa ya ga rigimar. Ko a cikin masu bishara na can, babban taron Baptis na Kudancin Amurka a 1971 ya goyi bayan dokar da za ta ba da dama a kan fyaɗe da cikin dangi da lafiyar uwa, kafin su juya baya ga wannan matsayin wajen 1980. Abin lura dai shi ne duk waɗanda rigar ta bi ta hannunsu sun sake mata ɗinki, mu muna sanye da ita yadda aka miƙo mana.

An yi yunƙuri a nan ma. A 1981 ƙungiyar likitocin mata ta Najeriya ta goyi bayan ƙudurin da Dakta Obatayo Oguntayo ya kai Majalisar Wakilai, wanda zai ba likitoci biyu damar amincewa idan lafiyar uwa tana cikin haɗari. Ƙungiyoyin addini suka tashi, Majalisar Ƙungiyoyin Mata ta Ƙasa ma ta ƙi, ƙudurin ya mutu. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya sake tayar da maganar yana ministan lafiya a farkon shekarun 1990, ba ta je ko'ina ba. A 2004 Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Maputo, wadda sashenta na 14 ya nemi a ba da dama a kan fyaɗe da cikin dangi da haɗari ga lafiyar uwa, amma yarjejeniya ba ta zama doka a kotunanmu sai majalisa ta mayar da ita doka. Jihar Imo ta saka irin wannan damar a wata doka ta 2012, cocin Katolika a Owerri ya yi tsaye, Gwamna Rochas Okorocha ya nemi afuwa aka soke a 2013. Legas ta fitar da jagora ga likitoci a ƙarshen Yuni 2022, ba a yi wata guda ba Gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da ita.

Garinmu ya fitar da mutum biyu da suka riƙe sandunan nan biyu. Marigayi Bishop Joseph Bagobiri ya zama bishop na farko na Kafanchan a 1995, shekarar da Paparoma John Paul na 2 ya fitar da wasiƙarsa Evangelium Vitae, wadda ta ƙara ɗaure matsayin Katolika. Marigayi Patrick Yakowa kuma ya yi gwamna daga 2010 zuwa rasuwarsa a Disamba 2012. Ɗaya yana wa'azi da dokar ikilisiya, ɗayan ya yi rantsuwa zai kare dokar ƙasa, kuma Final Kod ɗin da Yakowa ya yi mulki da ita ita ce dai ta 1960, wadda gwamnonin soja da na farar hula, Musulmi da Kirista, duk suka tarar suka bari. Sai a 2017 Jihar Kaduna ta yi sabuwar dokar laifuka tata, wanda zai yi aiki da lambobin sassa yau sai ya duba wannan.

To me dokar take yi a zahiri? Binciken Cibiyar Guttmacher da abokan aikinta na Najeriya ya ƙiyasta an zubar da ciki miliyan 1.25 a ƙasar nan a 2012 kaɗai, wato 33 cikin kowace mace 1,000 'yan shekara 15 zuwa 49. Mata wajen 212,000 aka yi wa magani a asibiti saboda matsalar da ta biyo baya, wasu wajen 285,000 sun sami matsala mai tsanani ba su sami magani ba. Ajiye wannan kusa da yawan shari'o'in da ka taɓa ji an yi a kan sashe na 232. Yawanci sai yarinya ta mutu ake jin 'yan sanda sun kama wani mai kemis. Dokar ba ta hana abin faruwa. Abin da take yi shi ne tantance wa zai yi shi a hannun ƙwararre, wa zai yi a bayan kanti. 'Yar mai kuɗi ta san inda za ta je a Abuja. 'Yar manomin citta da ta zo karatu Kafanchan ko Gidan Waya ko Zariya da kuɗin da aka harhaɗa, ita ce mai haɗiyar abin da ƙawa ta kawo mata a leda.

A nan nake da magana da mu Kirista, kuma da girmamawa nake yi, domin iyayenmu ne dattawan. A coci-cocinmu da yawa, yarinyar da ta yi ciki ba aure ana sa ta a horo. A sanar a gaban jama'a, a cire ta daga mawaƙa, ta koma bencin baya, a hana ta jibi. Uwarta ta kasa ɗaga kai a Zumuntar Mata. Baba ya ce kuɗin makaranta ya ƙare. Saurayin kuwa sau da yawa ya riga ya hau mota, ko kuma ya ce ba shi ba ne, kuma ciki ba ya fitowa a jikin namiji. Yanzu ka sa kanka a matsayin 'yar aji biyu da ta ga layi biyu a abin gwaji. Idan ta riƙe cikin, abin da muke wa'azi ta yi ke nan, kuma ita za ta sha horo. Idan ta zubar a ɓoye ta tsira da ranta, ran Lahadi tana layin gaba da rigar mawaƙa, babu wanda ya sani. Mu da bakinmu muke cewa kada a zubar, tsarinmu kuma yana hukunta wadda ba ta zubar ba. Horo yana da tushe a Littafi, ban ce a watsar da shi ba. Amma bishop-bishop na Ankira sun zauna sun duba hukuncin da suka gada suka rage shi, ba tare da sun canza sunan zunubin ba. Ko a 2016 Paparoma Francis ya ba kowane fada ikon yafe wannan zunubin a wurin ikirari, abin da a da a wurare da yawa sai an nemi izinin bishop. Majalisar dattawa da za ta ce yarinyar da ta riƙe cikinta za mu tsaya mata ta gama karatu, mu kuma nemo yaron ya zauna benci ɗaya da ita, ba ta saɓa wa ko aya ɗaya ba.

A ɓangaren doka, ra'ayina shi ne Kirista yana iya riƙe cewa zubar da ciki zunubi ne, ya kuma tambaya ko ɗaurin shekara 14 ne amsar da ta dace da 'yar shekara 13 da kawunta ya yi wa ciki. Wani zai ce e, domin ran da ke ciki bai yi laifin komai ba. Hujja ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma ya kare ta a matsayin ra'ayinsa a kan abin da gwamnati ya kamata ta yi, kada ya ce mini sashe na 232 daga Dutsen Sina'i ya sauko. Zina ma zunubi ce, ƙin girmama iyaye ma haka, ba duka muke neman a kai mutum kurkuku a kansu ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi gaggawa ga mu da muke kwana ɗaki ɗaya da juna. Ko a ƙarƙashin dokar nan, ceton ran uwa halal ne, kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da jagora ga likitoci a kan haka a 2018. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa ana yin aikinsa, asibitocin Katolika ma suna yi. Haka kuma kula da macen da cikinta ya riga ya zube, ko ɓari ne ko wani abu ta sha, ba laifi ba ne ga likita ko nas. Wankin ciki aiki ne da ake yi a asibitocin gwamnati, ana koya wa ungozomomi shi. Da yawa cikinmu ba su san wannan ba, shi ya sa ake ɓoye yarinya a ɗaki kwana uku ana ba ta Panadol da ruwan zafi don tsoron 'yan sanda da tsoron labari ya kai gida. Idan 'yar ɗakinku tana zubar da jini har tana jiƙa ƙunzugu ɗaya bayan ɗaya, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko mararta tana ciwo mai tsanani, ko abin da ke fita yana wari, ko tana jiri idan ta miƙe, ku nemi keke ko mota a daren nan ku kai ta babban asibiti, ku gaya wa likita gaskiyar abin da ta sha da lokacin da ta sha shi. Kada ku mayar da ita wurin mai kemis ɗin da ya ba ta maganin.